Sawun Taguwa a Sarautar Olshana

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa guda ɗaya, 'yan Adam suka bi ta da wuƙa. Shi ne ya halicci ƙafa, ya kuma halicci sawu don ya ba da shaida a kanta. Bayan haka, ni ne Shitu ɗan Masa'udu, mutumin 'Yandoto. Shekara talatin da ɗaya na yi ina karantar da yara, ban taɓa barin allo ya tafi gida da kuskure a kansa ba. In aka rubuta ba daidai ba, sai an wanke an sake, ko da uwar mai allon ta zo ƙofa tana roƙo. Na faɗi wannan tun farko ne don mai karatu ya san irin mutumin da aka rubuta ƙarya a gaban idonsa, aka kuma zaci zai yi shiru.

Da na gaji da zaman makaranta, sai na miƙa ta ga ƙanena, na sayi taguwa a wurin Azbinawa, na nufi gabas. Na sa wa taguwar suna Mita, don ba ta tashi, ba ta gurfana, ba ta shan ruwa, sai da ƙorafi. A Masar na haɗu da wani baƙon falke da ya nuna mini ɗan dutse mai launin zuma, da ƙuda a kwance cikinsa, fikafikansa ba su karye ba. Ya ce daga ƙasar Polan ya fito, can ƙarshen arewa, inda ruwa ke zama dutse rabin shekara. Ya ƙara da cewa a can in sarki ya mutu ba a naɗa magaji ɗaya, sai a yanka ƙasar wa 'ya'yansa kamar naman layya. Ƙudan bai dame ni ba. Maganar yanka ƙasa ce ta tsaya mini a rai. Na ce sai na je na ga abin da ke saura na ƙasar da ake yi wa haka, in rubuta tarihinta.

Shekara uku muka yi a hanya. Mun hau teku, Mita ta yi kwana goma sha ɗaya tana zagin jirgin da harshenta. Mun ratsa dajin da rana ba ta taɓa ƙasansa, na ga ɓauna mai gemu kamar na liman. Na sauka cikin wani gari da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, bangonsa gishiri, rufinsa gishiri, na lasa da harshena don kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Da na fito daga ramin sai na tarar mutanen wurin sun kewaye Mita da itace da wuta, suna cewa doki ne da aka la'anta, ƙona shi za a yi. Ban iya harshensu ba a lokacin. Na duba na ga majami'arsu kusa, na ja akalar zuwa ƙofar, na yi mata tsakin da ta sani. Ta gurfana a gaban ƙofar, ƙafafun gaba sannan na baya, tana gunaguni. Nan take suka zubar da itacen, wasu suka durƙusa tare da ita. Har wata tsohuwa ta kawo mata kabeji.

Daga nan na isa Olshana, ƙaramar sarauta mai ganuwar katako a kan tudu. Na zauna a gindin ganuwar shekara biyu, na koyi harshen mutanen, na saba da malamin majami'arsu mai suna Sulko, wanda ke riƙe da littafin tarihin sarautar. A cikin littafin na ga abin da na zo nema. Wanda ya kafa Olshana ya bar ƙasa mai faɗin tafiyar kwana ashirin. Ya haifi maza huɗu, aka yanka huɗu. Wanda ya sami tsakiya ya riƙe sunan, shi ma ya haifi uku. Haka aka yi ta yi har zamanin Sarki Dobrogost, lokacin da ƙasar ta koma tafiyar kwana huɗu. Shi kuma ya bar biyu, Unislau da Mirosh, aka sa kogin Sarna a tsakaninsu. Kowannensu na da tuta, da mai busa ƙaho, da taken sarki, alhali daga hasumiyar wannan kana hango hayaƙin wancan. Ba sa magana da juna. A rabon Unislau nake zaune.

Yanzu dole in bayyana dokar sawu, don a kanta labarin nan yake. In aka yi wa mutum sata, sai ya sari sabuwar sanda ya kai wa dattijon ƙauyen da aka yi satar. Dattijo zai yanka alamar ƙauyensu a jikin sandar, mutanensa su bi sawun ɓarawo har iyakar ƙauye na gaba, su kafa sandar a kan sawun, su yi kira uku. Na gaba su fito su ɗauka, su yanka tasu alamar, su ci gaba. Ƙauyen da sanda ta kwana uku a hannunsa bai miƙa ta ba, shi ne ɓarawo a idon shari'a. Karo na farko a karɓe masa shanu, na biyu dawakai, na uku kuwa dajinsa ya zama na sarki.

Ban ƙi dokar ba. Doka ce mai hankali. Amma an yi ta ne lokacin da ƙasa take ɗaya, kuma babu ko ɗaya cikin masu yankan nan da ya tsaya ya tambayi kansa ina sanda za ta je in ta iso bakin wuƙa.

A bakin kogin Sarna akwai ƙauye mai suna Grabina. Mutanensa ba manoma ba ne sosai. Masu zuma ne, amma ba sa rataya amya kamar mu. Suna hawa manyan itatuwa da igiyar fata, su fafe kogo can sama, ƙudan zuma su shiga su zauna. Akwai itacen da kakan mutum ya fafe, jikansa ke cin zumarsa. Tun da aka sa kogi ya zama iyaka, duk ɓarawon da ke da wayo Grabina yake nufa ya shiga ruwa. Mutanen Grabina su kafa sanda a bakin kogi, su yi kira uku, mutanen Mirosh su amsa daga ƙetare cewa sandar Unislau ba ta shafe su ba. Kafin in zo, an riga an karɓe shanunsu da dawakansu. Daji kaɗai ya rage.

Wata rana da kaka, ganye bai gama zuba ba, ina wurin Sulko tun safe ina kwafar sunayen sarakuna. Da azahar na koma makiyaya, na tarar da igiyar dabaibayi a yanke, babu Mita. Na sari sanda kamar yadda kowa ke yi. Da na san inda za ta kai, da na yanke hannuna kafin in sare ta.

Bin sawun bai yi wuya ba, don babu dabba a ƙasar mai tafin ƙafa kamar faifai sai ita. Ƙauyuka uku suka yanka alamarsu suka miƙa, mutane na bin mu suna gwada ƙafarsu cikin sawun. Tare da mu akwai Jarost, mai riƙon ganuwar sarki, da mahaya goma. Ya ce ya zo ne don girmama baƙo. Na lura yana ta yin fito tun daga ƙauye na biyu, amma ban kawo komai a raina ba. Da safiyar washegari sawun ya ratsa Grabina, ya gangara bakin kogi, ya shiga ruwa.

Wadda ta fito karɓar sanda mace ce, gwauruwa mai kimanin shekara hamsin, gajera, hannuwanta kamar na maƙeri. Sunanta Bogna, ita ce shugabar masu hawan zuma tun da mijinta ya faɗo daga itace ya mutu. Ta dubi sandar, ta dubi yatsuna masu baƙin tawada.

“Kai ne mai dabbar nan da aka lanƙwasa tun a ciki?”

“Ni ne mai taguwa.”

“To ka kashe mu, Mai-tawada. Ka taso daga ƙarshen duniya da ƙafarka don ka kashe mu.”

Ta zaro wuƙa ta yanka alamar Grabina, layi biyu da ɗigo. Wani dattijo ya ja ni gefe ya bayyana mini abin da karo na uku ke nufi. Na je wurin Jarost na ce na janye ƙarata, taguwa tawa ce, na yafe.

Ya ce, “Malam, sanda in an sare ta ta sarki ce. Ba a janyewa. Kada ka damu, in daji ya dawo hannunmu za a ba ka doki biyu da tulun zuma.”

Na ce, “In dajin ya dawo? Da can naku ne?”

Ya yi dariya ya ce baƙo ya iya harshe amma bai iya zama ba. Tun da na bar gida ban ji irin zafin da na ji a ƙirjina a ranar ba. An mai da ni sandar dukan mutanen da ban taɓa gani ba, aka kuma yi mini tayin lada.

Kwana biyu maza da mata suna bin gaɓar kogi a sunkuye, sama da ƙasa, suna neman inda sawun ya fita. Babu. Suka yi kira uku zuwa ƙetare, mutanen Mirosh suka fito suna dariya, ɗaya ya tambaya ko dabbar tana yin ƙwai. Jarost ya kafa tanti a tsakiyar ƙauyen, mutanensa har sun fara zagaya itatuwa suna duban waɗanda suka fi kogo.

Da safiyar kwana na uku na sami Bogna zaune a bakin ruwa, ta jingina da dutse, kanta a ɗage. Haka masu zuma suke. Ko magana suke da kai, rabin idonsu na kan rassa. Na zauna nesa kaɗan.

Can ta ce, “Mai-tawada, me mummunar nan taka take ci?”

“Ganye. Ƙaya. Rigar mutum in ya yi sakaci.”

“Daga ina take ci?”

“Daga ina kamar yaya?”

“Sunkuyawa take kamar saniya?”

Na ce a'a, miƙa wuya take ta tsinko daga sama. Bogna ta ɗaga hannu ta nuna. Itatuwan bakin ruwa masu siririn ganye suna sunkuyo da rassa a kan kogin. A wani reshe da ya fi tsayin mutum biyu, an zage ganyen tas, an bar tsinke. Gaba kaɗan wani reshen haka. Gaba kuma wani. Duk a gaɓarmu, duk suna hawa sama da kogin.

Ta ce, “Ko babbar barewar dajinmu ba ta kai can. Kwana biyu muna neman abin a ƙasa kamar kaji.”

Nan na gane. Ba a ƙetare da Mita ba. An ja ta ne cikin ruwa marar zurfi, ana bin gaɓa don sawu ya ɓace, ita kuwa tana tafe tana cin abincinta. Ɓarayin ƙwararru ne wajen ɓad da sawun doki da na saniya, amma a rayuwarsu ba su taɓa satar dabbar da ke barin shaida sama da kansu ba.

Bogna ta cire sandar daga bakin kogi, ta kira mutanenta. Jarost ya fito daga tanti ya ce ganye ba sawu ba ne. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ganyen zai kai mu wurin sawun. In kana jin zafin ƙafa ka jira mu a nan.” Muka shiga ruwa, sanyinsa kamar ana yanka ƙafa da aska. Mutum sittin, kowa kansa a ɗage. Rabin yini muna tafiya. A wani wuri mai tsakuwa rassan suka bar bakin kogi suka shiga daji, kuma bayan tsakuwar ga faifan Mita nan a kan laka, ga kashinta.

Hanyar da sawun ya hau ta farautar sarki ce. Talakan da aka kama a kanta ana yanke masa hannu. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Bogna ta ce mai riƙe da sanda yana bin sawu duk inda ya shiga, ta taka. Na bi ta, sauran suka biyo. Muka waiga babu Jarost. Ya zaga da mahayansa ya riga mu gaba, ya sa aka koro garken shanu aka tattake hanyar. Wahalar banza ya yi. Bai ɗaga kansa ba har a lokacin. Muka bi zagaggun rassa a kan tattakin shanunsa har suka kai mu ƙofar baya ta ganuwar Sarki Unislau, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa.

Ba a taɓa kafa sanda a ƙofar sarki ba. Bogna ta kafa ta. Ta yi kira na farko, babu amsa. Ta yi na biyu, mutanen gari suka fara taruwa. A na uku aka buɗe ƙofa, sarki ya fito, mutum mai jiki, da maiƙon nama a gemunsa, Jarost da Sulko na bayansa.

Ya ce, “Wa ya koya wa masu zuma hanyar gidana? Ganuwa ba ƙauye ba ce. Sanda ba ta tsayawa a nan.”

Na matsa gaba na gaishe shi yadda ake gaishe shi, sannan na ce, “Ranka ya daɗe, a littafin gidanku na karanta dokar, a ganye na goma sha huɗu, da bakin mahaifinka Dobrogost da ya sabunta ta. Ya ce sanda tana kan kowace ƙofa da hayaƙi ke fita bayanta. Ga hayaƙi can. Malam Sulko yana nan, a tambaye shi in ƙari na yi.”

Sarki ya juya. Sulko ya dubi ƙasa, ya ce haka yake a rubuce.

Sarki ya ce, “To ina sawun? Ni sawun shanu nake gani.”

Gaskiyarsa, a ƙofar babu komai sai tattakin shanu, kuma babu itace kusa da ganuwa. Rana ta taɓa kan daji. In ta faɗi sanda na hannun Grabina, shi ke nan. Na ga Jarost ya soma fiton nan nasa. Sai na sa hannuwa biyu a baki na yi kiran da nake yi wa Mita in na kawo mata gishiri.

Daga cikin ganuwa, bayan rumbunan sarki, ta amsa. Wanda bai taɓa jin taguwa mai fushi ba ba zai gane ba. Kwana huɗu ke nan tana ɗaure cikin baƙi, ta tara ƙorafi, ta sake shi gaba ɗaya. Dawakai suka tsinke, karnuka suka shige ƙarƙashin keken shanu, jama'a suka fashe da dariya. Bogna ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ranka ya daɗe, rana.”

Sarki ya tumɓuke sandar, ya karɓi wuƙa, ya yanka alamar gidansu ƙarƙashin ta Grabina, ƙugiya biyu da giciye. Sannan ya wurga ta cikin ramin ganuwa ya shige. Aka fito mini da Mita. Daga baya na ji cewa Jarost ya yi niyyar jifan abu biyu ne, daji ga ubangidansa, taguwa kuma kyauta ga wani babban sarki a yamma. Hukuncin da aka yi masa shi ne aka ba shi riƙon wata ganuwa da ta fi wannan kifi.

Na zaci magana ta ƙare. Da bazara na koma wurin Sulko don in ci gaba da kwafa, na buɗe ganyen shekarar da ta wuce, na ga layi uku da sabuwar tawada: “A wannan shekara mutanen Grabina suka ɓad da sawu karo na uku, dajinsu ya zama na sarki, amma Sarki Unislau cikin tausayinsa ya bar su suna ci.”

Na karanta sau biyu. Na ce, “Malam Sulko, kana tsaye a wurin.”

“Ina tsaye.”

“Ka ga hannun da ya yanka alama ta ƙarshe.”

“Ɗan'uwa, ni nake rubutu, amma sarki ke ba da fata da tawada. Me ya rage musu? Suna cin zumarsu.”

Na ce, “Wanke shi.”

Ya ce ba allo ba ne. Na ce ai shi ya sa ya fi muni, allo yara ne ke karanta shi, wannan kuwa alƙalai. Muka yi ta yi har muryata ta kai waje. Kwana biyu bayan haka aka ce in bar gindin ganuwa. Na koma Grabina, Bogna ta ba ni bukkar mijinta ta ajiyar igiyoyi. Mita ta mutu a sanyi na biyu, duk da bargon ulun da matan ƙauye suka saƙa mata. Da mutuwarta hanyar gida ta rufe mini. Duk shekara in hanya ta bushe sai in taka zuwa ganuwa in nemi a kankare layin nan, duk shekara a kore ni. Sau goma sha tara. Masu gadi har sun sa mini suna Tsohon Layi Uku. Bogna takan ce, “Mai-tawada, ka bar fatar akuya ta huta.” Ni kuwa na san abin da rubutu yake yi in an bar shi ya tsufa. Yana jiran shaidu su mutu ne.

A shekara ta ashirin Unislau ya mutu ya bar maza uku. Aka taru ƙarƙashin babban itacen shari'a don a yanka tafiyar kwana biyu gida uku. Da aka zo kan dajin Grabina sai aka buɗe littafi, aka karanta layi ukun, aka ce dajin na sarki ne, aron da marigayi ya bayar ya ƙare da ransa, ya faɗa rabon auta. Auta kuwa ya riga ya yi magana da masu ƙona gawayi.

Na miƙe na ce ƙarya ce, ina wurin. Babban ɗan ya ce baƙon da ba shi da dangi a ƙasa ba ya shaida. Dattawan Grabina suka miƙe, aka ce mai ƙara ba ya shaidar kansa. Na dubi Sulko, ya tsufa, haƙoransa sun zube, ya rufe ido kamar mai barci. Na tsaya a tsakiyar fili da ilimin shekara saba'in a kaina, ba ni da abin da zan ɗora a gaban yaran nan uku.

Sai aka shigo da Bogna a kan kujera, don ƙafafunta sun daina aiki, idonta ma saura kaɗan. A cinyarta akwai wani dogon abu lulluɓe da kakin zuma. Ta ce a kawo wuta a narka. Da kakin ya zube sai ga sandata. Ashe a ranar nan, lokacin da kowa ke kallon taguwa, ita ramin ganuwa ta gangara. Ta shafe sandar da kaki, ta hau da ita itacen da ya fi kowanne tsawo, ta ajiye cikin kogo tare da ƙudan zuma. Shekara ashirin ba ta gaya mini ba.

Na ce, “Bogna, sau goma sha tara ina taka hanyar nan.”

Ta ce, “Da na gaya maka, da tun tafiyar farko ka kai musu ita suka sa a murhu. Bakinka ba ya riƙe gaskiya, Mai-tawada, zubar da ita yake.”

Ta bi sandar da yatsa tana faɗin alamun, ƙauye na ɗaya, na biyu, na uku, layi biyu da ɗigo na Grabina. Yatsanta ya sauka ƙasa ya tsaya. Ta ce, “Wannan ta ƙarshe ban iya karatu ba, 'ya'yana. Ku duba mini ko ta wane ce.”

Ƙugiya biyu da giciye. Alamar tana kan zoben da ke hannun babban ɗan. Tana kan kowane dutsen iyaka da su ukun suka zo rabo a kansa. Na ga na tsakiya ya buɗe baki zai ce ba ta ubansu ba ce, babban ya taka masa ƙafa. In wannan alama ba shaida ba ce, to duwatsun ma ba shaida ba ne, kuma 'ya'yan Mirosh na zaune a gefe suna saurare. Aka bar wa Grabina dajinta a gaban jama'a. Auta ya sami fadama.

A ranar na tsaya a kan Sulko har ya kankare layi ukun da wuƙarsa. Na duba da kyau, na sa ya sake bin wani wuri da harafi ya rage. Sannan na ce ya rubuta abin da ya faru. Ya ce bai sami umarni ba. Ya mutu bai samu ba. Bogna ta bi shi da kaka, aka binne ta a gindin itacen da ya riƙe sandar.

Yau in ka buɗe littafin Olshana a wannan ganye, za ka ga fili fari mai faɗin yatsu uku. Masu sarauta suna ganin sun yi mini adalci. Ba su yi ba. Allon da aka wanke ba a sake rubutawa ba, ba a gama darasi ba ke nan. Kuma na ga yadda ƙasar nan take: waɗannan ukun suna da 'ya'ya bakwai a tsakaninsu, wata rana wani zai zo da alƙalami ya sami wuri fari yana jiransa.

Saboda haka ina neman abu uku, ba na rage ko ɗaya. A rubuta cewa Grabina ba ta ɓad da sawu ba. A rubuta ƙofar da sawun ya shiga, da sunan Jarost. A rubuta cewa Bogna mai zuma ce ta gano shi, da sunanta, ba “wata mace” ba. Sunana in an ga dama a bari.

Na je ƙofar magajin Sulko bara, na yi kira, ba a amsa ba. Na koma bana, aka ce yana tafiya, alhali ina ganin hayaƙi na fita bayan ƙofarsa. Ƙafafuna ba za su sake kai ni ba. Na sa a kai wannan takarda a kafa a ƙofar da sanda, da safe, a gaban mutane. Ita ce kira na uku. Ya san kwana nawa doka ta ba shi.

Nan alƙalamin Shitu ɗan Masa'udu ya tsaya, a bukkar igiyoyi ta Grabina. Allah ya ga sawun kowa, na ƙasa da na sama.